Mu masu rainon 'ya'yan mutane, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?

Anti_Rabi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa tofa tawa ba, yau dai tura ta kai bango. Shekarata shida ina aiki a wani gidan rainon yara a nan Kano, irin wanda ma'aikata ke ajiye 'ya'yansu da safe su ɗauka da yamma. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu biyu ne a ɗakin ƙanana, yara 22, ƙaraminsu wata huɗu, babbansu bai cika shekara uku ba. Bakwai saura kwata nake isa, biyar nake fita, shi ma in iyaye sun zo da wuri. Canjin famfas, damun kunu, wankin fo, goyo, lallashi, duk mu ne. Albashina naira 22,000. Adaidaita kaɗai tana cin 600 kullum, ku yi lissafin da kanku. Watan dogon hutu kuwa ko sisi ba a ba mu.

Shekaranjiya wani yaro ɗan wata tara ya tashi da zazzaɓi. Uwarsa ma'aikaciyar jinya ce, tana ɗakin tiyata, waya a kashe. Tun azahar na goya shi, ina ba wata kunu da hannu ɗaya, ina tare wani da ƙafa kada ya hau kan mai barci. Sai bayan magariba uwar ta shigo a guje tana ba ni haƙuri, ta damƙa min 500 na mota. Da na isa gida na tarar tawa 'yar ta yi barci a tabarmar maƙwabciya, ba ta ci tuwon dare ba. Nan na zauna na sha kukana.

Mun fara magana da 'yan'uwa masu irin aikin nan a yankinmu, mu goma sha ɗaya, muna so mu haɗa kai. To ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa? Masu makarantu, iyaye, ko gwamnati? Kuma da gaske ne dokar mafi ƙarancin albashi ta shafe mu?

Maman_Ilham:
Innalillahi. 22,000? Ni ɗa ɗaya ne a gabana amma wata rana sai la'asar nake samun yin wanka. Sannu Anti, Allah ya biya ki.

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari Anti. Amma don Allah a cire iyaye a lissafin. Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, maiɗakina malamar firamare. 'Yan biyu muke kaiwa, dubu tara-tara a wata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 sau biyu ana yi mana ƙari. Aka sake ƙarawa, wallahi ƙauye zan kai su wajen kakarsu.

Lauya_Bashir:
Malama Rabi, bari in amsa tambayar doka tukuna, don nan ne ake yawan ruɗewa. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kuma za a riƙa sake duba shi duk shekara uku maimakon biyar. Gwamnatin Kano ma ta ɗora dubu ɗaya a kai, ta ce 71,000 ga ma'aikatanta. Amma dokar tana da ƙofar baya: wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kansa ba. Haka masu aikin wucin gadi da masu aikin kamasho. Gidan raino nawa ne a Kano yake da ma'aikata 25? Don haka in ku shida ne ko takwas a wurin, ba za ki iya kai mai wurin kotu da wannan dokar ba. In kuwa sashen raino ne a cikin babbar makaranta mai nazare da firamare da sakandare, a ƙirga kowa har direba da mai gadi, mai yiwuwa kun haura 25.

Dan_Gwale:
Lauya ai na ji da kunnena Akpabio, shugaban majalisar dattawa a lokacin, ya ce har 'yar aiki da direba da mai gadi ba za a biya su ƙasa da dubu saba'in ba.

Lauya_Bashir:
Ya faɗa, ranar da majalisar dattawa ta amince da ƙudurin. Amma alƙali abin da ke rubuce yake dubawa, ba abin da aka faɗa a zauren majalisa ba, kuma sharaɗin mutum 25 yana nan daram.

Hajiya_MaiMakaranta:
Na san yau za a ci namanmu ɗanye, amma bari in buɗe muku littafina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina da yara 34, kowanne 8,000 a wata. In kowa ya biya 272,000 ke nan, amma tunda na buɗe ban taɓa ganin watan da kowa ya biya ba. A ce 25 sun biya, 200,000. Hayar gida 600,000 a shekara, wato 50,000 a wata. 'Yan ga-ruwa 20,000, don famfonmu sai dai ado. Sabulu, omo, maganin wanke banɗaki da gas, 25,000. Mai gadi 20,000. Haraji da sabunta rajista da masu zuwa da rasit iri-iri, in na raba su a wata, 10,000. Saura 75,000. Ma'aikata uku gare ni, 25,000 kowacce. Ni da na sayar da sarƙata na buɗe wurin, me ya rage min?

In zan biya kowacce 70,000, sai kuɗin kowane yaro ya haura 13,000, kuma har yanzu mutum uku ne a kan yara 34, abin da ni kaina na san ya yi kaɗan. Kun dai ji abin da Baban Sadiq ya ce zai yi in an ƙara. Rabi 'yata, ba mugunta ba ce. Kuɗin ne babu shi a cikin ɗakin.

Zee_Fagge:
Hajiya ke dai kin faɗi naki, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Na yi aiki a inda ake karɓar 45,000 a kan kowane yaro duk zango biyu-biyu ana ƙari, mai wurin tana canza mota, mu kuma ranar 10 ga wata muna roƙon albashin watan jiya. Yaro ya ɓata kofi a cire a kuɗinki.

Hajiya_MaiMakaranta:
Akwai su, ban musa ba. Su ne suka ja mana baƙin jini. Amma ki zaga cikin unguwanni ki gani, irina sun fi irinta yawa nesa ba kusa ba.

Abu_Hanif:
Ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Da uwaye sun zauna a gidajensu sun raini 'ya'yansu da duk wannan bai taso ba. Jaririn wata huɗu me ya kai shi hannun bare?

Nas_Halima:
Malam Abu Hanif, ranar da matarka za ta haihu, wa kake so ya karɓi haihuwar, namiji? Ku ne kuke cewa sai mace ce za ta duba iyalinku, ku ne kuma kuke cewa macen ta zauna a gida. Ni nake kwana a asibiti da matanku. Da na haihu hutuna ya ƙare ɗana yana tsakiyar shan nono. A ina zan ajiye shi, a aljihun rigar aiki?

Ummu_Khalil:
Kuma ba duka ba ne ma'aikatan ofis. Maƙwabciyata mijinta ya rasu ya bar ta da huɗu, gyaran zoɓo da tsinkar ridi take zuwa a kamfani. Ba ta da kuɗin gidan raino, sai ta cire babbar 'yarta mai shekara tara daga makaranta ta zauna da ƙannen. Wannan shi ne rainon da talaka ke yi, kuma yarinyar ce ke biyan kuɗin da karatunta.

Malam_Sani_Zariya:
Ɗan'uwa Abu Hanif, a bar batun fita ko zama, kowane gida da halinsa. Abin da ba shi da saɓani shi ne raino aiki ne mai lada a hannu. A Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 Allah ya yi umarni a ba mai shayarwa ladanta, ko da kuwa ita ce uwar yaron da aka rabu da ita. Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi ta raine shi, kuma al'adar lokacin biyan masu shayarwa ake yi. Ga kuma hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Wanda ke riƙe albashin mai raino har 10 ga wata, kamar yadda Malama Zee ta faɗa, ya sake tunani.

Abu_Hanif:
Ban ce kada a biya su ba Malam. Na ce a duba tushen matsalar.

Kaka_Asabe:
Tushen nake so in gaya maka, ɗana. Da muna gidan yawa ne. Na haifi tara, ban taɓa biyan kowa kuɗin raino ba, don ga uwar miji, ga faccala, ga abokiyar zama, ga 'yan mata cike da tsakar gida. Ki ajiye yaro ki tafi unguwa, ki dawo ki tarar an yi masa wanka an shafa masa kwalli. Yanzu kowa ya kama gidansa ya rufe ƙofa da kwaɗo. Aikin bai tafi ko'ina ba, masu yin sa kyauta ne suka watse. Kuma tunda an taɓo kakanni, Baban Sadiq, kafin ka kwashi tagwaye ka kai wa tsohuwa, ka tambaye ta lafiyar gwiwarta. Ni jikoki uku ake sauke min kullum ƙarfe bakwai, ina son su kamar raina, amma da dare sai an shafa min man zafi nake iya juyawa.

Baban_Sadiq:
Kaka kin kama ni. Allah ya ƙara lafiya, na janye.

Malama_Hadiza_KD:
Anti Rabi, a koma kan tambayarki. Ni malamar rabin aji ce a makarantar gwamnati, shekara goma sha biyu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kula da ƙananan yara yana cikin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, ba alfarma ba ce. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, tana karɓar kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, tana ba jihohi, amma sai jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta kafin ta ɗauka. Shi ya sa za ki ji an ce biliyoyi suna kwance a Abuja jihohi ba su ɗauka ba. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 5 kacal ake ware wa ajin ƙanana, firamare 60, ƙaramar sakandare 35. Daga baya kuma aka sa shekara ɗaya ta share fagen firamare a cikin manufar ilimi ta ƙasa.

Amma ki lura da abu biyu. Kuɗin nan galibi na gini ne da kujeru da kayan aiki, albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Na biyu, rabin aji na masu shekara huɗu zuwa biyar ne. Jariranki 'yan wata huɗu babu wanda ya ɗauke su a matsayin nasa. Ma'aikatar ilimi za ta ce ba su isa makaranta ba, ta lafiya za ta ce ba marasa lafiya ba ne, ta mata za ta ce ba ta da kuɗi. A wannan ramin kuke.

Dan_Gwale:
Gwamnatin da malamanta ke bin ta bashi ita ce za ta biya na masu zaman kansu? In kura na maganin zawo ta yi wa kanta.

Sadiya_Jobag:
Dan Gwale, ana yi a nahiyar nan tamu, ba sai Turai ba. Ina zaune a Afirka ta Kudu, kuma yawancin gidajen rainon unguwannin talakawa a nan irin na Hajiya ne: mace ɗaya ta buɗe a gidanta ko a ɗakin coci. Gwamnati ba ta ƙwace su ba, ba ta kuma mayar da masu aikin ma'aikatanta ba. Abin da take yi shi ne ta biya wani abu a kan kowane yaron da iyayensa ba su da ƙarfi, kowace rana. Shekaru ana kan rand 17 a kuɗin ƙasar, sai a 2025 aka ɗaga zuwa rand 24. Wani kaso na kuɗin na abincin yara ne, wani na albashi.

Kuma ba daga sama ya faɗo ba. Lokacin korona da aka riƙe musu tallafin sai da suka je kotu suka yi nasara. A 2020 masu gidajen raino da ma'aikatansu da ƙungiyoyi suka haɗu a tafiya ɗaya suna bin majalisa da kansiloli. A watan Afrilun 2022 aka ɗauke harkar daga ma'aikatar walwala aka mayar ma'aikatar ilimi. Ban ce sun huta ba. Har gobe albashin ƙanƙane ne, kuma sai wurin yana da rajista ake ba shi tallafin, ga sharuɗɗan rajistar masu wuya ga wadda ke ɗakin kwano. Abin da ya burge ni kawai, mai wuri da mai aiki a layi ɗaya suka tsaya.

Anti_Rabi:
Yaya Sadiya wannan ya shige ni. Wato kamar a ce a ba Hajiya wani abu a kan kowane yaro, da sharaɗin kaso kaza ya shiga albashinmu?

Sadiya_Jobag:
Haka nan. Amma ku dage a rubuta sharaɗin, in ba haka ba irin uwar ɗakin Zee za ta ƙara mota ta uku.

Zee_Fagge:
Hahaha wallahi kamar kin san ta.

Injiniya_Auwal:
Ina Amurka. Akwai wata jiha a nan, Niyu Meksiko, tana cikin matalautan jihohin ƙasar amma tana da mai da gas. Masu raino da iyaye sun fi shekara goma suna naci a ɗebi wani abu daga asusun da kuɗin filayen man ke shiga a sa a rainon yara. Majalisar jihar ta yi ta watsar da su. A Nuwamban 2022 aka kai maganar gaban masu zaɓe, kusan kashi 70 cikin ɗari suka amince aka gyara tsarin mulkin jihar. Daga 1 ga Nuwamban 2025 raino ya zama kyauta ga kowane gida a jihar. Matan da suka yi ta bin gida-gida suna neman ƙuri'ar nan da yawansu masu canza famfas ne irin Anti.

Dan_Gwale:
Kun fara kawo mana labarin ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Mu nan man ma muna da shi, me ya tsinana mana?

Issoufou_Maradi:
Mu nan Nijar an ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga jikka 30 da 'yan kai zuwa jikka 42 na sefa, amma madan ɗin jardan, wato malamar makarantar ƙananan yara, mai zaman kansa ba ta gan shi ba, kamar ku. A ƙauyuka akwai jardan na al'umma, gari ne ke yin rumfar zana, a zaɓi mace ɗaya ta riƙe yara, a riƙa tara mata hatsi ko 'yan kuɗi. Shekarar da damina ta yi kyau ta samu, wadda ba ta yi ba sai godiya. Ƙanwata ta yi shekara biyu a haka ta bari.

Hajia_Nima:
A Gana kuma shekara biyu na kindagatin suna cikin karatun dole na kyauta tun dokar ilimi ta 2008, malamansu gwamnati ke biya. Amma ƙasa da shekara huɗu, kowa tasa ta fisshe shi. Ku zo kasuwar Accra ku ga 'yan kayayo, mata masu dako, kaya a kai, goyo a baya, rana tsaka. Matsalar ɗaya ce, jarirai ba su da uban gida a gwamnati.

Maman_Ilham:
Ni fa tunda aka fara maganar nan jikina ya yi sanyi. Ina da yarinya mai taya ni raino, daga ƙauye aka kawo min ita, ba za ta wuce sha uku ba. Dubu bakwai nake bayarwa, kuma dillaliya ce ke zuwa karɓa, ban ma san nawa ke isa hannun uwarta ba. Na zo ina jajanta wa Anti alhali ga tawa a gida.

Ummu_Khalil:
Allah ya saka miki da kika faɗi gaskiya. Rabinmu a zauren nan haka muke. Ki sa ta makaranta ko ta yamma ce, ki nemi lambar uwar ki riƙa tura mata kai tsaye.

Lauya_Bashir:
Tunda an taɓo hutun haihuwa ɗazu: dokar ƙwadago ta ba mace mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin, sannan rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ma'aikatan tarayya mako 16 suke samu. Kaduna da Legas sun ba ma'aikatansu mata wata shida. Na kawo wannan ne don yana rage nauyin da ke kan su Malama Rabi kai tsaye. In uwa tana gida har wata shida, ɗan wata huɗu ba zai zo ɗakinsu ba. Ku sa shi cikin buƙatunku, za ku samu ma'aikatan jinya da malamai mata a bayanku.

Nas_Halima:
Za mu zo da gudu ma.

Tsohuwar_Anti:
Rabi, ki saurare ni da kyau, na riga ki shiga wannan ruwan. Shekarun baya mu tara muka haɗu daga makarantu huɗu. Muka rubuta takarda mai zafi, muka sa hannu da sunayenmu, muka kai wa masu makarantun muka ce ko a ƙara ko mu ajiye aiki ranar Litinin. Kafin Litinin ɗin sun yi waya a junansu. Mu uku da muka ja gaba aka sallame mu, ranar Laraba an cike gurbinmu da 'yan matan da suka gama sakandare, a kan kuɗin da bai kai namu ba. Sauran shida suka yi tsit, ban ga laifinsu ba. Ba mu da takardar ɗaukar aiki, ba mu da ƙungiyar da ta san da mu, ƙungiyar malamai ta NUT ta malaman gwamnati ce a aikace. Iyayen yaran da na goya shekara uku ba wanda ya ko kira ni, don ba su ma san abin da ya faru ba, an ce musu aure na yi.

Kuskurenmu, mun tafi mu kaɗai, kuma mun fara da wanda zai iya korarmu. Yanzu ɗinki nake yi, na fi samun kuɗi, amma har yau in na ga yaran nan sun girma a hanya sai gabana ya faɗi.

Anti_Rabi:
Yaya kin tsorata ni, amma gara da kika faɗa. Takarda irin wannan muka so rubutawa.

Kwamared_Ladidi:
Kada ku rubuta tukuna. Ni a unguwarmu muka yi fafutukar buɗe rabin aji a firamarenmu, wata goma sha huɗu muka yi. Abin da ya taimake mu ƙirga ne. Mun sayi littafi mai layi na ɗari biyar, muka bi gida-gida: yara nawa ne ƙasa da shekara biyar, wa ke riƙe su da rana, 'yan mata nawa aka cire daga makaranta saboda raino. Da muka je wajen mai unguwa ba kuka muka kai masa ba, littafin muka ajiye a gabansa. Ya juya shafi uku ya ga sunan gidan ƙaninsa, sai ya gyara zama. Shi ya kai mu wajen dagaci, daga nan kwamitin makaranta, daga nan sakataren ilimi. Sau biyar muna zuwa ofis ana cewa ya fita. A na shida muka je mu ashirin da goyonmu muka zauna a baranda, yara suka yi ta tsala kuka, minti goma aka ce mu shigo.

An ba mu aji da tabarmi. Malama kuwa har yau 'yar sa-kai ce, iyaye ke haɗa mata ɗari bibbiyu. Kin ga mun ci rabi ne, ginin ya samu, albashin bai samu ba, wanda shi ne ainihin maganarki. Da zan sake, tun ranar farko zan haɗa su biyun a baki ɗaya.

Ku yi irin littafin nan na gidajen rainon yankinku: yara nawa, masu aiki nawa, awa nawa, albashi nawa, ba tare da sunan kowa ba. Sannan ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarshen shekara gwamna ke kai kasafin kuɗi majalisa, in kuna so a sa muku layi a ciki, tun kafin nan za ku fara zirga-zirga wajen ɗan majalisar mazaɓarku da kwamitin ilimi da na harkokin mata. Ku nemi matan FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi, na yankinku, sun san ƙofofin nan. Rediyo kuma ku bar shi sai kun riƙe alƙaluma a hannu.

Malam_Sani_Zariya:
Ƙari a kan na Kwamared: kada a jira gwamnati kaɗai. Muna da wakafi a addini. Attajiran da ke gina masallaci na huɗu a layi ɗaya, da za a samu malamin da zai gaya musu shago biyu da aka tsayar kuɗin hayarsu na biyan masu rainon marayu da 'ya'yan zawarawa shi ma sadaka ce mai gudana, da an ga canji. Ni zan fara faɗa a karatuna na Asabar.

Zee_Fagge:
Malam wakafi yana da kyau, amma ni ba sadaka nake nema ba, haƙƙin gumina nake nema. Ranar da Alhaji ya yi fushi ko ya rasu magada suka raba shagon fa?

Malam_Sani_Zariya:
Wakafin da aka rubuta ba ya shiga gado, 'yata. Amma na fahimci inda kika dosa.

Hajiya_MaiMakaranta:
Rabi, in za ku yi ƙirgar nan ku fara da wurina, zan buɗe muku littafin kuɗina ku gani da idonku. Zan kuma yi magana da mata huɗu masu irin wurina. Amma kada a kira shi ƙungiyar ma'aikata, sauran za su gudu. A ce ta masu raino da iyaye.

Tsohuwar_Anti:
Hajiya ban ƙi taki ba, amma in masu wuri suka shigo suka zauna a kujerar gaba, wa zai iya buɗe baki ya ce albashinsa bai isa ba a gaban uwar ɗakinsa? Rabi ku riƙe naku zaman daban, ko da kuna haɗuwa da su.

Baban_Sadiq:
Ni dai in ba ƙarin kuɗi za a ce in yi ba, a sa sunana a ɓangaren iyaye. Ina da babur, zan iya kai takarda.

Dan_Gwale:
Za ku gaji ku bari. Amma in za a je baranda da goyo a kira ni in ɗauki hoto.

Anti_Rabi:
Na gode ƙwarai 'yan gida, na karanta kowanne sau biyu. Na tura wa sauran goman. Uku sun ce su dai a fara da masu makarantu don yunwar yau ba ta jiran kasafin baɗi, biyu sun ce tsoro suke ji a cire su gaba ɗaya. Za mu zauna ranar Lahadi bayan la'asar a gidan ɗaya daga cikinmu. Kwamared, don Allah turo min hoton shafi ɗaya na littafin nan naku ta akwatin sirri in ga yadda kuka ja layukan. Lauya, mu da ba mu da takardar ɗaukar aiki, saƙon banki na albashi zai iya zama shaida cewa muna aiki a wurin?

Lauya_Bashir:
Zai iya, kada ki goge ko ɗaya. Waɗanda ake ba su a hannu kuma su fara rubuta rana da adadi a littafi. Ku nawa ne ake biya ta banki a cikin sha ɗayan?

Anti_Rabi:
Mu huɗu. Yaron nan mai zazzaɓi ma ya dawo yau, ya warware, yana bayana yanzu haka nake rubutun nan da hannu ɗaya.